Ranar da Na Cinna wa Doyarmu Wuta

Shekaranjiya da hantsi ina shanya wanki a bayan gida, a nan Keffi, sai na ga shirwa uku suna shawagi ta wajen sababbin fulotan da aka yanka bayan unguwarmu. Ban ga hayaƙi ba tukuna, amma na tsaya na zuba ido, don na san abin da ke tara shirwa a irin wannan lokaci da ciyawa ta bushe. Can sai ga shi ya taso. Wani ne ya sayi fili, ya ga ciyawa ta yi masa yawa, ya ƙyasta ashana, ya hau mashin ɗinsa ya yi gaba. Na saki zanen da ke hannuna na hau ihu a kawo ruwa. Matar ɗana ta leƙo tana dariya, ta ce, "Hajiya, 'yar wannan wutar? Kafin azahar ta mutu."

Ta mutu ɗin kuwa, a bakin titi ta tsaya. Ni dai har la'asar ina leƙa wajen. Ban ga laifin matar ɗan nawa ba, ita ba ta taɓa jin kukan wutar daji a kusa ba.

Ni 'yar unguwar Yara ce, a nan cikin garin Keffi aka haife ni, mahaifina tela ne. Ban san gona ba sai da na yi aure, shekara talatin da wani abu ke nan, aka kai ni wani ƙauye gaba da Garaku, a gindin dutse. Dangin mijina Gwandara ne, manoman doya. Dutsen yana arewa da gari, ba wani mai tsawo ba ne, amma da damina gamba takan rufe shi har ta fi mutum tsayi. In ruwa ya ɗauke sai ta koma ja, ta koma fara, iska na kaɗa ta tana ƙara kamar ana tafa takarda. Gonakin mutane suna tsakanin dutsen da gari. Tamu ce ta ƙarshe, wadda ta fi kusa da shi.

A gidan mu huɗu ne: ni, da maigidana, da 'yarmu ta fari Uwani mai wata takwas, da surukina, wanda kowa ke kira Baba. Idanunsa sun daɗe da mutuwa kafin a kawo ni. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Ni kuma kunyarsa nake ji ƙwarai. In zan kai masa abinci sai na durƙusa daga nesa, na tura kwanon, na ce, "Baba, ga shi." Ya ce, "Madalla, 'yar birni." Iyakar hirarmu ke nan.

Akwai wani aiki da garin ke yi kowace shekara da zarar an gama cire doya. Mai unguwa zai sa rana, maza su fito gayya da adda da fartanya, Musulmi da Kirista, su nome fili mai faɗi a gindin dutsen, tun daga rafi har bakin hanya. Sannan da sassafe, lokacin da raɓa ba ta bushe ba, su ƙone ciyawar gefen a hankali, suna tsaye da ɗanyen ganye a hannu. In wuta ta gangaro daga dutse daga baya, sai ta tarar ba abin ci, ta mutu a nan. Mu mata namu dafa kunu da kai ruwa. A shekarata ta farko na ga an yi, na ɗauka wata al'ada ce kawai ta cin tuwo da raha.

A shekara ta biyu ba a yi ba. Lokacin ake ta gine-gine a Abuja, tifa takan zo har Garaku ta kwashi leburori. Ana gama cire doya samari da magidanta suka watse, har da maigidana. Aka bar tsofaffi da mata da yara. Mai unguwa ya sa rana sau biyu, mutum bakwai suka fito, suka nome ɗan wuri, rana ta yi zafi suka koma. Aka ce in maza sun dawo a ƙarasa. Baba ya yi ta tambaya, kullum da safe, "An share gindin dutse?" A ce masa tukuna. Sai ya juya fuskarsa arewa.

Ranin ya zo da zafi. Rafi ya ƙafe sai 'yan kwatamai, mukan tona yashi mu jira ruwa ya tsatso, mu kwasa da ƙoƙo. Kafin hantsi ƙasa ta ɗau zafin da ba a taka ta ba takalmi. Ganyen ɗorawa ya zube. Kullum da rana iska takan taso daga dutse, busasshiya, mai ɗumi.

Doyarmu tana gona, an jera ta a ƙarƙashin rumfar ciyawa, ta ci da ta iri gaba ɗaya. Abincinmu na shekara ke nan, da abin da za a shuka. Baba, duk da ba ya gani, ba wanda ya kai shi sanin doya. Yakan shafa ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya shinshina, ya ce wannan ta fara ruɓa daga ciki, a cire ta kafin ta ɓata sauran. Ranar nan ya ce in kai shi gona ya duba. Na ga ba zan iya da goyo da jan makaho da ɗaukar doya a dawowa ba, sai na kai Uwani wajen maƙwabciyata Maryamu. Ita 'yar ƙabilar Eggon ce, mijinta yana koyarwa a coci, ita ma tana goyo. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta karɓi yarinyar ta ce, "Ka tafi, in ya yi kuka zan ba shi nono."

Na riƙe kan sandar Baba, ya riƙe gindinta, muka bi 'yar siririyar hanyar da ta ratsa cikin gamba. Tafiyar kusan rabin awa ce da tsoho. Na ɗauki tulun ruwa ƙarami da ashana, don mu gasa doya ɗaya da rana.

Mun yi nisa da aikin, rana ta kusa tsakiya, ina miƙa masa doya yana warewa, sai ya tsaya da ɗaya a hannu. Ya ɗaga kai.

"'Yar birni, me kike gani a kan dutse?"

Na fita daga rumfar na duba. Na ce, "Ba komai, Baba. Sai shirwa."

"Nawa?"

"Da yawa."

"Duba da kyau."

Sai na ga hayaƙi daga bayan dutsen, baƙi, yana tashi yana kwantowa wajenmu. Kafin in gama faɗa masa, wutar ta ɓullo a kan tsaunin, jan layi daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan na fara jin ƙarar. Ban san wuta tana da murya ba sai ranar. Kamar ruwan sama mai ƙarfi a kan kwano, ana kuma harba bindiga a ciki, gabobin gamba ke fashewa. Baƙin toka ya fara sauka a kanmu, dogaye-dogaye, wasu da sauran wuta a jikinsu. Zomo ya wuce ta gabana. Wani maciji ya bi ta tsakanin ƙafafun Baba bai ko kula shi ba.

Na fizgi sandar na ce, "Baba, tashi mu gudu!"

Bai motsa ba. Ya ce, "Mu gudu ina?"

"Gida! Uwani tana gida!"

"Hanyar gida cikin gamba take. Iska tana bayan wutar nan. Ko doki aka ba ki ba za ki kai rabi ba."

Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba sai da na tsufa. Na saki sandar. Na yi taku huɗu ko biyar wajen hanya, ni kaɗai. Zuciyata tana ce mini tsoho ne, ya ci zamaninsa, ke kina da jaririya. Ya ji na sake shi, ya kuma ji takuna. Bai kira ni ba, bai roƙe ni ba. Sai ya ce a hankali, "In za ki je, ki jiƙa zanenki tukuna."

Wannan maganar ce ta tsayar da ni. Na juyo ina kuka na ce, "To me za mu yi?"

"Ashanar tana wurinki?"

"Tana nan."

Ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya juya a hankali har iskar ta daki ƙeyarsa. Ya nuna gabansa da hannu. "Me ke can?"

"Rumfar doya. Bayanta ciyawa, har rafi."

"Je ki cinna wa ciyawar da ke gaban rumfar. Wuri uku, a jere. Iska za ta tafi da ita gaba. In ta cinye wurin mu shiga inda ta ƙone mu kwanta. Waccan in ta zo ba za ta sami abin ci ba."

Na ɗauka tsoro ya taɓa masa hankali. Na ce, "Baba, doyar fa? Kuma ai ta can gari yake!"

"Gari yana hannun dama kaɗan. Doya kuwa ta riga ta tafi, ko ki ƙona ko a ƙona miki. Yi sauri, ina jin zafinta a wuyana."

Na durƙusa a bakin ciyawar. Kwalin ya suɓuce mini ya faɗi, tsinkayen suka watse. Na farko ya karye. Na biyu iska ta kashe. Ina ta Innalillahi, ina jin ƙarar tana ƙaruwa a bayana, ban yarda na waiwaya ba. Baba ya ce, "Ki ba iska baya, ki kare da jikinki." Na uku ya kama. Ban ma kai ga wuri na uku ba, ciyawar ta ɗauka gaba ɗaya, wuf, ta tashi sama da kaina. Na ji fuskata ta yi wani irin ɗaurewa, na ji ƙaurin gashi. Na ja da baya da gindi. Ina kallo ta lashe rumfar, jinkar ta rufta a kan doyar da muka wuni muna warewa, ta wuce ta nufi rafi da gudu.

Muka tsaya a tsakanin wuta biyu, a 'yar gonar da ba ta fi tsakar gida uku ba, ita ma cike da busasshen ganyen doya da ya fara kamawa nan da can. Hayaƙi ya rufe rana, gari ya yi ja. Ba na ganin hannuna sosai. Numfashi ya zama aiki, kowane ja sai ya soke ni a ƙirji.

Baba ya ce, "Yanzu. Kai ni."

Sandar ta ɓace mini. Na kama hannunsa, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba ko da yake ba ya gani. Muka shiga baƙar ƙasar. Kututturen ciyawa yana hayaƙi, takalmina na roba ya fara laushi yana manne wa ƙasa. Shi ba takalmi gare shi ba, ya baro su a rumfa. Na ji yana jan iska ta haƙora. Da na ga ƙafarsa ba za ta kai ba, na sunkuya na ce ya hau bayana. Ya ƙi hawa. Na daka masa tsawa, "Baba, hau!" Ya hau. Ba shi da nauyi, kamar dami ɗaya na kara. Na yi ta tafiya har inda ƙasa ta ɗan faɗa, wani ɗan kwari da ruwa ya ci da damina. Na sauke shi, na juye tulun a kan mayafina, muka kwanta rub da ciki, na rufe kanmu da shi.

Sai babbar ta iso.

Ban gan ta ba, ji na yi. Ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin cikina. Zafi ya danne bayana kamar an ɗora mini dutsen guga. Mayafin ya bushe nan take. Iska ta ƙare, na buɗe baki ba abin da ke shiga, na tura hancina cikin toka. Baba yana karanta wani abu kusa da kunnena, da Larabci da Gwandara a gauraye, hannunsa a kan ƙeyata yana danna kaina ƙasa duk lokacin da na yunƙura zan tashi. Sau biyu na yunƙura, don jikina gudu kawai yake so. Ban san tsawon lokacin ba. Wataƙila bai fi a dafa shayi ba. Ni dai na yi kalmar shahada na gama, na sake, ina ganin fuskar Uwani.

Daga baya ƙarar ta raba biyu, ta bi ta dama da hagu, ta yi nisa. Baba ya ɗage hannunsa. Ya yi tari mai tsawo, ya ce, "'Yar birni, kina nan?"

Na ce, "Ina nan."

"Ina ta nufa?"

Na ɗaga kai. Duniya ta zama baƙa ƙirin, daga dutse har inda ido ya tsaya. Itatuwa suna ci daga sama. Can wajen gari hayaƙi ya tokare sama, kuma ina jin ƙararrawar coci ana ta bugawa ba tsayawa. Na ce, "Gari."

Ba mu iya tashi ba sai wajen la'asar, don ƙasa ba ta takuwa. Na yage mayafin na ɗaure masa tafin ƙafa, duk sun tashi. Na sake goya shi. In na gaji in sauke, in huta, in ɗauka. Nonona ya cika yana zuba, rigata ta jiƙe, ina tafe ina tunanin ko akwai mai sha. Ba abin da na taɓa tsoro a rayuwata kamar kwanar ƙarshe ta hanyar nan, inda in ka juya za ka hango gari.

Gidajen gefen rafi sun ƙone, da rumbunansu. Namu ma jinkar ɗaki biyu ta tafi. Sauran garin mata ne suka tsare shi, da ɗanyen ganyen mangwaro da ruwan randa, suka yaye jinkar wasu ɗakuna da hannu kafin wuta ta iso. An tara yara da tsofaffi a filin makaranta inda ba ciyawa. Da muka ɓullo, wata mata ta ƙwala ihu ta ruga, ta ɗauka fatalwa ce. Maryamu ce ta taho da gudu, goyo a baya, goyo a gaba, hannunta ɗaya duk ya sale. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Kai ne? An ce ka ƙone!" Ta kwance Uwani ta miƙo mini. "Karɓi yaronka. Sau uku ya sha, bai yi kuka ba." Na zauna a ƙasa na ba ta nono, sai ta ƙi kamawa, tana kallon fuskata tana tsala ihu. A nan na san girata da gashin gaban kaina sun tafi, fuskar kuma ta kumbura.

Ba wanda ya mutu, sai awaki da kaji. Amma doyar gari kusan duka tana gona. Washegari aka je aka tone ta daga toka, gasasshiya. Kwana uku garin yana ƙamshin gasasshiyar doya, kowa yana ci har ya ƙoshi, ba mai magana, don mun san abin shukarmu muke ci. A rana ta huɗu ta fara tsami. Daga nan har saukar sabuwar masara, rogo ne da ganye, sau ɗaya a wuni. Irin doya kuwa sai roƙo aka yi a ƙauyukan da wuta ba ta kai ba.

Da farko an ce makiyaya ne suka sa wutar don sabuwar ciyawa ta tsiro, har wasu suka fara maganar ɗaukar adda. Allah ya sa mai unguwa ya ce a bi sawunta tukuna. Aka bi har bayan dutse, aka tarar da kogon itace da aka yi wa hayaƙi don cire zuma. Mutumin garinmu ne, dattijo ma, ya bar garwashin ya taho yana ganin ya mutu. Gidansa yana cikin waɗanda suka ƙone.

Sai kuma aka fara wata magana ƙasa-ƙasa: wai wutar da ta ci gidajen gefen rafi ba daga dutse ta zo ba, daga gonarmu ta taso, ta riga babbar isowa. Baba ya sa aka kai shi gaban mai unguwa a kan keke, ƙafafunsa a naɗe. Ya ce, "Ni na ƙyasta ashanar. Yarinyar nan ba ta san komai ba, riƙe mini hannu kawai ta yi. Mai magana ya zo ya yi da ni." Ba wanda ya zo. Har yau ban sani ba ko wutata ce ta ci gidajen nan. Na tambaye shi sau ɗaya, bayan ya warke. Ya ce, "Ni makaho ne, ban gani ba. Ke ma kanki yana ƙasa."

Tun daga shekarar ba a sake barin gindin dutse ba a share ba, ko maza suna nan ko ba sa nan. Mu mata muka koyi riƙe adda. Yanzu an ce mini gidajen duk kwano ne, kowa da waya a hannu, in wuta ta tashi kafin ta gangaro an sani har Garaku. Gambar dai tana nan, gayyar kuma sai an yi da gaske ake samun mutane.

A wancan lokacin ba waya. Tun wuta tana ci wani ya hau keke ya tafi Garaku neman taimako, ya faɗa a tasha cewa makaho da surukarsa sun ƙone a gona. Labarin ya hau mota. A Yara har an shimfiɗa tabarmin makoki kafin a aika musu cewa ina raye. Abuja kuwa ba wanda ya san a wane gini maigidana yake, balle a gyara masa zancen. Labarin farkon ne ya same shi.

Rana ta biyar da hantsi ina ƙofar gida ina tankaɗe toka daga 'yar dawar da muka tsira da ita, fuskata shafe da man kaɗanya, kaina ɗaure da tsumma, sanye da rigar Maryamu. Sai ga mutum ya taho ta hanyar Garaku, ba kaya a hannunsa, ƙafafunsa baƙi har gwiwa. Shi ne. Ya tsaya yana kallon ɗakunan da ba rufi. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita, hayaƙin ya riga ya shaƙe mini ita. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa matar wani.

Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Don Allah, a ina aka binne su?"

Daga inuwar bango, inda yake zaune da ƙafafu a cikin ƙwaryar ruwan magani, Baba ya ce, "Wa za a binne? Kai, gaida matarka da kyau. A bayanta na dawo gida."

Maigidana ya sake kallona. Sai ya zauna daɓas a cikin tokar, ya rufe fuska da hannu biyu. Na ajiye faifan, na shiga na ɗebo masa ruwa.